Amsa: Me ya sa dashen itatuwa ba ya ɗorewa a wajenmu?

Malam, ka tambaya me ya sa itatuwan da ake dasawa duk damina a Mai'aduwa da Zango ba sa kaiwa rani. Ni dai a ganina ba ƙarancin ruwa ne kaɗai ba. Itacen da ba shi da mai shi, akuya ce ke gadonsa.

Dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa a gona suna da rai a ƙasa. Maimakon sabon dashe, sai manomi ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Saiwar ta riga ta yi nisa, ba ta buƙatar ban ruwa. Da haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Amma abin ya kankama ne da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci tararsa ba in ya sassabe reshe.

Gawo kuwa ka san shi, da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a gindinsa, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa.

Shawarata, ku zauna da mai unguwa da dagaci, a kira ardo da matan da ke yin itace, a yanke wanda ke da ikon sara da tarar mai gawayi. In aka bar makiyaya a waje, dokar ba za ta yi aiki ba.