Ƙarfe nawa ake rufe rumfunan zaɓe a Amurka?

Malam, ka tambayi ƙarfe nawa za ka zauna jiran sakamako. Ba lokaci ɗaya ba ne, kowace jiha da dokarta, ga kuma bambancin agogo.

Riƙe agogon gabas, wato na New York. Najeriya na gabansa da awa 6 a Nuwamba, sai dai in zaɓen ya faɗo ranar 2 ga wata, kafin Amurkawa su mayar da agogonsu baya da awa ɗaya kamar yadda suke yi duk shekara, to awa 5 ne.

Sassan Indiyana da Kentaki ke fara rufewa, 6 na yamma, 12 na dare ke nan a Kano. Jojiya 7, Fensilbaniya 8, Arizona da Wiskonsin 9, Nebada 10, Kalifoniya 11, wato 5 na asuba a nan.

Inda ake tafka kuskure shi ne jihar da agogo biyu suka raba. A zaɓen 2000 gidajen talabijin sun ce ɗan takarar shugaban ƙasa Al Gore ya ci jihar Fulorida alhali yammacin jihar bai rufe ba, daga baya suka janye.

Kuma wanda ke kan layi lokacin rufewa sai ya kaɗa ƙuri'arsa, don haka sakamako kan jinkirta.