Yawon ɗaukar hoto da ɗan jagora a Benis

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka biya ɗan jagora ya zagaya da kai ɗaukar hoto a Benis, birnin ruwan nan na Italiya, ko ka bi da kanka. Ka biya, amma na sassafe, kuma a kwananka na farko. Garin ba mota, ƙafa ce da jirgin ruwa, gadoji sun haura 400, lungunan kuma rikita baƙo suke yi ko da taswira a waya.

Sharaɗina ɗaya: ka tambayi yawan mutanen ayarin kafin ka ba da kuɗi. Tun 2024 dokar garin ta taƙaita ayari ga mutum 25, amma a harkar hoto ko goma sun yi yawa. Mu huɗu muka fita bayan asuba, muka sami dandalin San Marco kusan ba kowa, hasken rana na sauka a kan ruwa, jagoran yana duba kyamarar kowa yana gyara masa saiti. Daga nan muka wuce kasuwar kifi ta Rialto, wadda ba ta ci Lahadi da Litinin. Kafin ƙarfe goma cunkoso ya rufe gadar Rialto da ke kusa da kasuwar.