Layi Biyar da Kashin Ƙuda

Jiya muna naɗe wayoyi bayan an tashi daga bikin nan na Barnawa ka ce mini, "Oga, tunda kunnena na kama waƙa, kuma na iya do re mi, me zan yi da layukan nan da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda?" Gajiya ta hana ni ba ka amsa. Ga ta yanzu, amma ka karanta kana zaune gaban fiyano.

Idan na rubuta maka "gari" a takarda, wanne nake nufi, garin Kaduna ko garin tuwo? Baƙaƙen iri ɗaya ne, a baki ne ake jan na biyun. Rubutun boko ba ya nuna maka inda za ka ja gaɓa, ba ya nuna inda murya za ta hau ko ta sauka, kai ne kake cika wannan da saninka na Hausa. To abu biyun nan da boko ya zubar, su rubutun kiɗa ya tsince: ina sautin yake, sama ko ƙasa, kuma yaya daɗewarsa. Kowane ɗigo da ka raina amsar tambaya biyun nan yake ɗauke da ita.

Fara da abin da ke ƙarƙashin yatsunka. Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36. Yamaha ɗinmu ta shago 61 ce, amma tsarin bai canza ba: baƙaƙe biyu, baƙaƙe uku, biyu, uku, har ƙarshe. Farin da ke manne da baƙaƙe biyu ta hagu, ko'ina ka same shi, sunansa C. Sunayen duka bakwai ne, A zuwa G, daga nan a sake. Daga C zuwa C na gaba shi ne oktaf. Wannan ka riga ka sani da hannu, suna ne kawai ba ka ba shi ba.

Takardar kuwa, miƙe hannunka a kwance, tafin yana kallonka. Yatsu biyar layi biyar ke nan, tsakaninsu fili huɗu, kuma daga ƙasa ake fara ƙirga. Ɗigo ya tashi daga layi zuwa filin da ke samansa, yatsanka ya matsa fari ɗaya zuwa dama. Ya tashi daga layi zuwa layi, ka tsallake ɗaya. Amma layukan ba su da suna sai an sa musu mabuɗi a farko. Mai lanƙwasar nan da ake kira tirebul, cikinsa ya naɗe layi na biyu, yana cewa nan G yake. Layukansa E, G, B, D, F, filayensa F, A, C, E, kuma yawanci na hannun dama ne. Na hannun hagu shi ne bes, mai ɗigo biyu da suka sa layi na huɗu a tsakiya, suna cewa nan F yake. Layukansa G, B, D, F, A, filayensa A, C, E, G. Ka lura da tarkon: ɗigon da ke layin ƙasa E ne a tirebul, a bes kuwa G ne. Duk ɗalibin da na taɓa koyarwa sai da ya faɗa ramin nan.

Ban ce ka haddace su kamar karatun allo ba. Wanda zai je unguwar da bai sani ba, ba ya haddace kowane lungu, ce masa ake yi in ka kai Kasuwar Barci ka yi dama. Kai ma alama uku sun ishe ka: G na tirebul, F na bes, da C na tsakiya, wanda ke zaune a kan ɗan guntun layinsa shi kaɗai tsakanin layukan tirebul da na bes. Daga su ka ƙirga sama ko ƙasa. Sauran za su zauna da kansu.

Yanzu ga inda ciwonka yake, kuma a nan zan daɗe. Ɗigo mai farin ciki kamar ƙwai, marar sanda, shi ne semibirib, bugu huɗu. A sa masa sanda ya zama minim, bugu biyu. A cike cikinsa da baƙi ya zama kurocet, bugu ɗaya. A ɗaura wa sandar tuta ya zama kweba, rabin bugu. Gurasa ɗaya ce ake ta rabawa biyu. Idan ka ga ƙaramin ɗigo a gefen dama, an ƙara masa rabin kansa ke nan, minim mai ɗigo bugu uku ne. Kowannensu kuma yana da ɗan'uwa na shiru mai tsawonsa daidai, kuma shirun nan ƙirga shi ake yi yadda ake ƙirga sauti.

Na daɗe ina kallon hannunka. Duk sanda ka zo sauti mai bugu huɗu, kana kai uku sai wuyan hannunka ya ɗaga, kamar maɓallin ya yi zafi. Inda kuma aka bar shiru, sai ka cusa ɗan kwalliya da ƙaramin yatsa. Jiya mawaƙiyar ta waiwayo sau biyu, ba don ka taɓa maɓallin da ba daidai ba, don ka cinye mata wurin numfashi. Kunne mai kaifi irin naka yana kama hawa da sauka nan take, amma ba ya son jira. Takarda ita ce za ta zaunar da kai, domin a cikinta ba a bashin bugu.

Layukan tsaye da suka yanka takardar sun raba ta ɗaki-ɗaki, lambobi biyu na farko kuma su ke faɗin abin da kowane ɗaki zai ci. Na sama yawan bugu ne, na ƙasa irin bugun. A 4/4 kurocet huɗu ne a ɗaki, a 3/4 uku. Akwai 6/8, kweba shida, wanda masu lissafi za su ce ai daidai yake da 3/4. A takarda jimillar ɗaya ce, a ƙafa ba ɗaya ba ce. A 3/4 biyu-biyu ake haɗa su sau uku, a 6/8 uku-uku sau biyu, shi ya sa yake gangara. Jikinka ya san gangaren nan tun kana yaro kana bin masu kalangu.

Baƙaƙen maɓallai ba su da sunan kansu, aro suke yi. Shaf na ɗaga sauti rabin taki, wato maɓalli na kusa ta dama, filat na sauke shi rabin taki ta hagu, nacural kuma na soke su. Tsakanin E da F, da tsakanin B da C, babu baƙi, don dama rabin taki ne. Tsanin do re mi ɗinka haka yake hawa: taki, taki, rabi, taki, taki, taki, rabi. Fara daga C, farare kaɗai za ka taka. Fara daga G, tilas F ta zama shaf, daga F kuma B ta zama filat. Maimakon a yi ta maimaitawa, sai a rubuta su sau ɗaya kusa da mabuɗi.

Ban raina do re mi ba. Tushensa tun ƙarni na 11 ne, daga wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, kuma irin wanda mawaƙan coci ke rerawa a nan John Curwen ne ya yaɗa shi a Ingila a ƙarni na 19. Sai dai do baƙo ne, inda aka sauke shi nan ne gidansa. C kuwa ba ya ƙaura. Maɓallin tiransifos, mai ɗaga ko sauke sautin fiyano gaba ɗaya, shi ne ya ɓoye muku wannan, kowace waƙa ku buga ta a C na'ura ta ɗauke muku sauran. Ni ma haka na taso, har ranar da aka kira ni wani ɗakin taro a cikin gari na tarar da fiyanon katako, babu waya babu maɓallin ceto. Mai waƙa ta ajiye mini takarda mai filat uku. Na yi zufa har ta ɗiga a kan farare, wani dattijo ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ɗan matsa." Wajensa na yi shekara biyu ina koyon abin da nake rubuta maka yau.

Ƙananan baƙaƙen da ke ƙarƙashin layi Italiyanci ne: p na nufin piano, wato da taushi, f kuma forte, wato da ƙarfi. Daga kalmomin nan biyu fiyano ya samo sunansa, domin wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Fulorens wajen shekarar 1700 ya yi fice ne da amsa nauyin yatsa. Saboda haka ka daina kashe maɓallin da ke sa namu jin nauyin hannu. Lambobi 1 zuwa 5 a kan ɗigo kuma yatsu ne, babban yatsa shi ne 1 a kowane hannu.

Gobe bayan la'asar ka zo da littafin rubutu da fensir da rula. Za ka ja layi biyar da hannunka, in rubuta maka ɗaki takwas, ka tafa su da hannu kana ƙirga da baki kafin in bar ka ka kunna fiyano. Ka yanke farcenka kafin ka taho, jiya har a lasifika ana jin ƙwas-ƙwas ɗinsu.