Sanarwar rasuwa: a fara ji daga bakin iyali

Ɗan uwa, ka tambaya ko da jin an yi rasuwa a unguwa za ka iya fitar da sanarwa, da abin da ake sakawa ciki. Gaskiya kar ka yi gaggawa, sai ka ji daga bakin ɗan gidan tukuna, don sau nawa aka yaɗa mutuwar mutum yana nan da ransa, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne 'yar mamaci tana Abuja ta buɗe waya ta ga hoton babanta da Innalillahi tun ba a kira ta ba.

In sun amince, ka sa cikakken suna da laƙabinsa, unguwa kamar Gangare ko Anguwan Rogo, wuri da lokacin jana'iza, da gidan zaman makoki. Ka tabbatar da lokacin sosai, ana rasuwa da asuba a binne kafin azahar. Maƙwabtanmu Kirista sukan ɗau kwanaki, jira su sa rana.

Hoton gawa da sunan cutar, don Allah bar su. In kisa ne ko haɗari bar wa 'yan sanda bayanin, takardar shaidar mutuwa kuma iyali su nema a hukumar ƙidaya ta ƙasa.