Baƙon mai wa'azi ya ce jinkiri rashin biyayya ne, yanzu ɗana ba lafiya

Tambaya: Baba Fasto barka da aiki. Dan Allah ina cikin damuwa. Satin da ya wuce an yi taron farkawa a unguwarmu, baƙon mai wa'azi ya ce Ubangiji ya nuna masa mutum goma da za su shuka iri na dubu 50 kafin a tashi, wai jinkirin biyayya rashin biyayya ne, wanda ya tsaya tunani zai ƙare kamar sarki Saul. Ina da kuɗin amma na makarantar yara ne, sai ban tashi ba. Bayan kwana uku autana ya kwanta da zazzaɓi. Tun ranar ba na iya barci. Horo ne Allah yake mini? In nemi mutumin in tura masa?

Amsa: 'Yata sannu, Ubangiji ya ba yaron lafiya. In ba a kai shi asibiti an gwada jininsa ba tukuna, ajiye wayar nan ki kai shi, sauro ba ya tambayar wa ya shuka iri wa bai shuka ba. Kuma kar ki tura ko sisi.

Maganar nan kusan kowane sati sai wani ya shigo mini ofis da ita, abin haushin ma akwai gaskiya a cikinta shi ya sa take kama mutane. E, Ibrahim sammako ya yi a Farawa 22:3, mai Zabura ma a 119:60 ya ce ya yi hanzari bai yi jinkirin kiyaye umarni ba. Amma umarnin wa? A nan ake yi mana rufa ido, sai a cire Allah a sa mai riƙe da makirfo a gurbinsa, mai kibod yana taɓawa a hankali, ana ƙirga saura uku, saura biyu, ga yaro tsaye da POS a gefen bagadi, ke kuma gabanki na faɗuwa kina zaton Ruhu Mai Tsarki ne alhali tsoro ne kawai aka dasa miki. Na san wata gwauruwa da ta sayar da injin markaɗenta saboda irin wannan dare, baƙo ya hau mota ya yi gaba, zumuntar mata ce ta yi ta haɗa mata kwanon masara har kaka.

Saul ɗin da ya kawo ma, haba, ko buɗe wurin bai yi ba. A 1 Sama'ila 13 gaggawa ce ta ci Saul, ya jira annabi Sama'ila kwana bakwai a Gilgal, ya ga jama'a na watsewa sai ya miƙa hadayar da kansa, yana gamawa sai ga Sama'ila. A sura 15 kuma ya bar kyawawan tumaki da shanun Amalekawa ya ce ai hadaya za a yi da su, nan ne aka ce masa biyayya ta fi hadaya. Wato ayar da ke tsawata wa mai rufe laifi da baiko, ita aka juya ana tara baiko da ita. Ki kuma karanta 1 Sarakuna 13. Mutumin Allah daga Yahuza an hana shi ci da sha a Betel, sarki ya gayyace shi ya ƙi, sai wani tsohon annabi ya bi shi ya ce ni ma annabi ne kamarka, mala'ika ya ce in komo da kai ka ci. Ƙarya yake, aya 18 ta faɗa. Shi kuma bai tsaya bincike ba ya bi, a hanyar komawa zaki ya kashe shi. To ai shi ma "biyayya da sauri" ya yi.

Game da bayarwa an riga an rubuta: kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba (2 Korintiyawa 9:7). Wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni (1 Timoti 5:8). Kuɗin makarantar nan da kika riƙe, biyayya kika yi.

Inda Littafi Mai Tsarki ya ce a yi sauri kuwa, nan ne muke jan ƙafa. Yesu ya ce in kana gaban bagadi ka tuna ɗan'uwanka na da magana da kai, bar baikon nan ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Kar ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka (Firistoci 19:13). Kar ka ce wa maƙwabci je ka dawo gobe alhali abin na wurinka (Karin Magana 3:28). Kar rana ta faɗi kana fushi. Waɗannan ba sa bukatar mafarki ko wahayi, amma sai ki ga mutum shekara uku ba ya gaisawa da matar wansa, ka yi masa magana ya ce "Fasto ina addu'a a kai", yarinyar da ke masa aiki wata biyu ba albashi, shi ne kuma na farko a layin shuka iri. Addu'ar me? An riga an ba ka amsa a rubuce.

Ki biya kuɗin makarantar da safe tun kafin wani baƙon ya sake zuwa. Ki gaya wa faston ikilisiyarku da dattawa abin da ya faru, don ba ke kaɗai kika koma gida da tsoro a daren nan ba. Sannan ki rubuto mini abin da gwajin yaron ya nuna.