Dalilin da ya sa muryar dattijon ta lalace wajen tacewa

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa hirar da ka ɗauko a unguwar Birni, wurin dattijon nan da ya ba ka tarihin ganuwar Damagaram, ta koma kamar ana magana daga cikin randa bayan ka cire mata hayaniya a Audacity, manhajar nan ta gyaran sauti, alhali tun farko muryar tana da daɗin ji, ƙugin injin wuta da ƙarar kabu-kabu ne kawai suka dame ta. Na saurari ta asali da wadda ka gyara, kuma na gano inda aikin ya kuɓuce maka.

Ka fara sanin cewa kwamfuta ba ta san murya ba, ba ta san hayaniya ba, lambobi kawai take gani. Makirfo yana mayar da kaɗawar iska ta zama motsin lantarki, ita kuma kwamfuta ta riƙa auna wannan motsi sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Nyquist ta ce dole yawan awon ya haura ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ake son kamawa. Shi ya sa layin tarho na da, mai awo 8,000 a daƙiƙa, yake wuce da abin da ke tsakanin haz 300 da 3,400 kawai (haz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), kuma shi ya sa harafin s na masu bugo waya cikin shiri yake fita a dushe, domin yawancin ƙarfinsa yana sama da haz 4,000.

Magana ba ta tsayawa a hali ɗaya, saboda haka ana yanka ta guntu-guntu, kowane guntu kashi 20 zuwa 30 cikin dubu na daƙiƙa, sannan a warware kowane guntu a ga irin kaɗawar da ta haɗu a cikinsa, da lissafin Bafaranshen nan Fourier. In aka jera sakamakon, sai a sami hoton sauti. Da ka buɗe wannan hoto kafin ka taɓa komai, da ka ga abin da na gani. Wasulan dattijon sun fito kamar zane-zanen saƙi, layi bisa layi, suna hawa suna sauka tare da muryarsa. Harafin s ya fito kamar ƙura a can sama. Harafin ƙ kuwa ɗan fili ne na shiru, sai wani siririn layi a tsaye, shi ke nan. A ƙasa akwai layuka miƙaƙƙu da ba su motsi tun daga farkon hirar har ƙarshenta, a kan haz 50, 100 da 150, waɗannan su ne ƙugin lantarki. Muryar namiji baligi tana da tushe tsakanin haz 85 da 180, wato ita da ƙugin wuri ɗaya suke zaune.

Mai cire hayaniya yana aiki ne da samfurin da ka ba shi, wato ɗan guntun hirar da ka nuna masa cewa hayaniya ce zalla. Yana auna ƙarfin kowace kaɗawa a cikin samfurin, sannan ya bi hirar yana danne duk abin da bai fi wannan ƙarfi ba. Samfurin da ka zaɓa akwai babur yana wucewa a ciki, har da numfashin tsohon, sannan ka ce a rage desibal 24 (desibal ma'aunin ƙarfin sauti ne). Ƙarar babur ba ta da zama ɗaya, tana zuwa tana wucewa, don haka ka sa na'urar ta yi ta huda muryar a wuraren da babu babur ko kaɗan. Waɗannan huje-huje su ne kake ji kamar ɓulɓular ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da wannan yake yi wa Hausa. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da karin sauti: wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya. Dattijo yakan sauke murya a ƙarshen zance har ta yi rauni, kuma wannan gaɓa mai rauni ita na'urar take fara cinyewa. Haka ɗan fashewar da ke raba ƙ da k, gajere ne ƙwarai, in aka shafe shi sai ƙara ta koma kara. Mutumin nan ya zauna ya ba ka abin da ya ji daga kakanninsa, bai kamata mu miƙa wa masu sauraro kalmominsa a gutsure ba.

Ka koma kan ta asali. Ka sa rariyar da ke zubar da abin da ke ƙasa da haz 80, sannan ka cire layukan 100 da 150 da siririyar rariya, ba mai faɗi ba. Ka ɗauki samfur daga wurin da ƙugi ne zalla, ka fara da desibal 6, kuma ni ba na wuce 12 a kan muryar mutum. Akwai wurin da za ka saurari abin da aka cire shi kaɗai. In ka ji kalma a ciki, ka yi yawa, ka rage. Baburan kuwa ka bar su, mutanen Damagaram sun san ƙarar garinsu.

In za ka koma Birni ranar Alhamis, ka ajiye makirfo ɗani ɗaya daga bakin mai magana, domin duk lokacin da ka rage nisa da rabi murya tana ƙaruwa da kusan desibal 6 ba tare da hayaniyar waje ta ƙaru ba. Ka sa masa soso saboda iskar hunturu, ka ɗauka a tsarin fayil na WAV, ba na MP3 ba, kuma kafin tambayar farko ka roƙi kowa ya yi shiru, don ka sami samfurin hayaniya zalla, na daƙiƙa 10 na'urar tana ɗauka.