Tambaya da amsa: Mun sa ROMEO a wasan cike gurbi ya ƙi shiga, kuskuren wa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata, duk Alhamis nakan kawo musu wasan cike gurbin nan na jarida, kuroswad, don su ƙaru da kalmomi. Wannan satin an tambayi matashin masoyi da ya mutu a kabarin Juliet, gida biyar. Muka sa ROMEO, sai kalmar da ta sauko a tsaye ta nuna harafi na biyu dole A ne. Na duba intanet duk ROMEO suke bayarwa, ko mai haɗa wasan ne ya yi kuskure? Abin da ya fi damuna ma, garin musun nan wata ɗaliba ta ce ita in aka mata auren dole abin da Juliet ta yi za ta yi, 'yan ajin suka hau tafi. Na yi dariya lokacin amma har yau hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Mai wasan bai yi kuskure ba, tarko ya ɗana kuka faɗa. Amsar PARIS ce. Shi ne saurayin da baban Juliet ya zaɓa mata, ɗan'uwan Escalus mai mulkin Verona. Ki buɗe wasan kwaikwayon Shakespeare, Romeo and Juliet, kashi na 5 fitowa ta 3, shi ya fara zuwa kabarin da furanni cikin dare, Romeo ya same shi suka gwabza ya kashe shi, yana gargarar mutuwa ya roƙi a kwantar da shi kusa da Juliet kuma Romeo ya cika masa burin. Kin ga matasa biyu ne suka mutu a wurin, kowanne harafi biyar. Shafukan nan masu jera amsoshi kuwa ba wanda ya karanta littafin a cikinsu, kwamfuta ce ke kwaso tsofaffin amsoshi tana dubawa da yawan harafi, shi ya sa in kin rubuta masoyi da biyar ROMEO kawai za ta miƙo miki.

Masu haɗa wasan suna son ROMEO ne saboda wasula uku a harafi biyar, yana sauƙin sarƙawa da wasu kalmomi, don haka sau da yawa shi ɗin ne. Amma ki riƙa fara cike na tsaye kafin ki sa biro. Gida takwas in an ce sunan gidan su Romeo, MONTAGUE. Mace gida shida JULIET, bakwai ki yi tunanin OPHELIA. Namiji gida bakwai akwai PYRAMUS, ɗalibanki da suka yi A Midsummer Night's Dream don WAEC sun san shi, akwai kuma TROILUS sai dai shi bai mutu a wasan Shakespeare ba, to in an ambaci mutuwa ki ajiye shi. A irin wasan jaridun Ingila mai lauje cikin naɗi kuma, wani lokaci in kin ga Romeo ba mutum ake nufi ba, harafin R kawai ake so, daga baƙaƙen da sojoji da matuƙa jirgi ke faɗa a rediyo, Alfa, Bravo har zuwa Romeo.

To yanzu maganar yarinyar nan, ita ce ainihin tambayarki.

Wallahi na gaji da wannan abu, kusan kullum sai na ci karo da shi, a aji, a Facebook, a TikTok an ɗora hoton zuciya an rubuta wai soyayyar gaskiya sai ta Romeo da Juliet, kuma ki tambayi mai rubutun sunan garin da abin ya faru bai sani ba. Har da masu kiran kansu malaman soyayya suna koya wa yara cewa wanda bai iya mutuwa don ke ba bai sonki. Ba haka littafin ya ce ba, ko kusa.

Farkon wasan Romeo yana kuka ne a kan wata daban, Rosaline, ya kulle kansa a ɗaki ya toshe taga, yana rantsuwa ba mace a duniya bayanta. Don ya gan ta ma ya saci jiki ya shiga walimar gidan Capulet, wato gidan su Juliet da ke gaba da nasu, yana hango Juliet ya manta da ita a daren. Washegari da ya je wurin limamin coci fada Laurence neman a ɗaura musu aure, fadan da kansa ya yi masa tsiya, ya ce hawayen da ka zubar wa Rosaline ko bushewa bai yi a kumatunka ba, ya kuma ja masa kunne cewa mai gudu shi ke tuntuɓe. Sauri ya haifi nawa kenan.

Ki sa ɗalibanki su ƙirga kwanakin da kansu a allo. Sun haɗu daren Lahadi, an ɗaura aure a ɓoye Litinin, ranar Litinin ɗin dai Tybalt ɗan'uwan Juliet ya kashe Mercutio abokin Romeo, Romeo ya kashe Tybalt aka kore shi ya tafi Mantua, kafin wayewar garin Alhamis duk sun mutu. Ko sati ba a rufe ba. Kuma da gangan Shakespeare ya matse shi haka, don waƙar Arthur Brooke ta 1562 da ya ɗauko labarin daga ciki watanni ta ɗauka, shi ya mayar da shi 'yan kwanaki, ya kuma rage wa Juliet shekaru ta koma 13, ba ta cika 14 ba, an faɗa ƙarara a kashi na farko. Mutum shida aka rasa, Mercutio, Tybalt, Paris, Romeo, Juliet, da mahaifiyar Romeo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe, ita kam ba mai tuna ta.

Sannan mutuwar ma da ake wa tafi, kuskure ne tsagwaronsa. Juliet ba ta mutu ba lokacin da Romeo ya iso, maganin barci na awa 42 fada ya ba ta. Wasiƙar da za ta sanar da Romeo shirin ba ta isa ba saboda an killace ɗan aiken, fada John, a wani gida da ake zargin annoba ta shiga. Yaron Romeo, Balthasar, ya kai masa labarin da bai cika ba, shi kuma bai tsaya bincike ba ya nufi wani mai haɗa magani da yunwa ta ci ƙarfinsa, ya zube masa tsabar zinari 40 ya sayar masa da guba alhali dokar Mantua kisa ce ga mai sayarwa. A cikin kabarin Romeo da bakinsa yake mamakin yadda leɓɓanta da kumatunta suke jajir kamar mai rai, alamar tana gabansa bai gane ba. Da ya zauna na ɗan lokaci kaɗan da ta farka ta same shi. Wannan ne gwarzon masoya? Yaro ne da aka bari ba babba a kansa, iyaye suna can suna gabar da ko dalilinta wasan bai faɗa ba.

Inda labarin ya taɓa mu shi ne gidan su Juliet. Kashi na 3 fitowa ta 5, ta durƙusa tana roƙon babanta ya saurare ta kan auren Paris, ya ce ko ta yarda ko ya kore ta ta je ta yi bara ta mutu a titi. Ta juya ga uwa, uwa ta ce ba ruwanta. Mai renon da ta shayar da ita ma ta ce ki auri Paris kawai. Bayan kowa ya rufe mata ƙofa ne ta ce in duk dabara ta ƙare mata, mutuwa ce ta rage. Wannan fitowar ce ya kamata ku karanta a aji da murya, ba ta lambu da kowa ya haddace rabin layi ba.

Don haka Malama kar ki ɗauki maganar ɗalibar nan wasa, kuma kar ki tsaya jiran a kafa kwamiti ko shugabar makaranta ta sa hannu a takarda, na san yadda fayil ke kwana a ofisoshin nan. Masu cewa mai faɗa ba ya aikatawa ba gaskiya suke faɗa ba, tambayarta kai tsaye kuma ba zai saka mata tunanin a rai ba. Ki kira ta ku biyu kawai, ba a gaban 'yan aji ba, ba faɗa ba wa'azi da farko, ki tambaye ta ko akwai maganar aure a gida yanzu, wa ake so a ba ta, ta taɓa tunanin cutar da kanta da gaske. In ta ce e, kar ki yi mata alƙawarin rufa asiri. Ki tambaye ta wa take jin maganarsa a dangi, gwaggo ce, kawu ne ko yaya, ku je gidan tare da shi, ki sanar da mai ba da shawara na makarantar a ranar, in kuma kin ga abin ya yi nisa, ta daina cin abinci ko barci, a kai ta asibiti ta ga likita.